Jan Marfi na Uku

Tun da na dawo daga Yamai ban samu sakat ba. In na zauna teburin mai shayi a bakin tasha sai an tambaye ni, in na je ɗaurin aure sai wani ya jawo hannun rigata wai in ba shi labari. Wasu so suke su ji ko da gaske ne mutanen can burodi suke ci safe da yamma. Wasu kuwa tsiya kawai suke son yi mini, su ce ɗan gidan makaɗa ya tsallaka iyaka don a koya masa kiɗa a kan allo. Na gaji da ba da shi guntu-guntu, kowa yana tsintar inda ya yi masa daɗi. To ga shi nan gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa in na ga ana dariya.

Sunana Lawali, a Talata Mafara nake zaune. Kalangu nake kaɗawa a biki, ranar da babu biki kuma in shiga wani ɗan ɗakin ɗaukar waƙa da ke bayan kasuwa in sa wa mawaƙa kiɗa. Amma asalin gidanmu gangar noma ce. Wan mahaifina, Baba Labbo, shi ne wanda ya rage yana riƙe da ita. Da can a wani ƙauye yake kusa da Gidan Goga. Da zaman can ya gagara, ya tattaro ya dawo Bakura da gangarsa da buzunsa.

Akwai wani kiɗan gayya na gidanmu da ake ce wa Ɗingishi. Ganga tana tafiya taku huɗu, kazagi, wato ƙaramin abin kiɗan nan da ke raka ta, yana jefa bugu uku a tsawon lokacin da ta yi huɗun. A bugun farko kawai suke haɗuwa, daga nan kowa ya kama hanyarsa sai an zagayo. In ka ji shi sai ka ga kamar kiɗan yana jan ƙafa ɗaya, dalilin sunan ke nan. Mai riƙa wa Baba kazagi ya rasu da daɗewa, 'ya'yan Baba maza babu wanda ya ɗauki kiɗa, ni kaɗai ne na rage a dangi mai riƙe maƙaɗi. Maganar a fili take: in ban karɓi Ɗingishi daga hannunsa ba, da shi za a binne shi.

Ni kuwa tun ina saurayi abin nan yake ba ni kunya. In na ɗauki kazagi, zagaye biyu uku ina daidai, sai gangar ta ja ni, in tsinci kaina ina bin huɗunta. Sai in ƙura wa hannun Baba ido ko zan kama inda yake faɗuwa, shi kuma ya ce, "Bar kallon hannuna, dubi mutane." Haushi ya kama ni. Waɗanne mutane? A tsakar gida muke, daga ni sai shi sai awaki. Lokacin da ake gayya sosai ina makarantar kwana, da na gama kuma gonakin daji sun fara gagarar shiga. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce da suke yi in ba su san yadda za su bayyana abu ba.

Sai ga wata takardar gayyata ta zo. Wani abokina ya tura hoton bidiyona wata cibiyar koyar da kiɗa a Yamai, aka kira ni horon mako uku, su za su ba da masauki da abinci. A takardar an rubuta cewa har da yadda ake haɗa kiɗa biyu masu taku daban ta hanyar zane. Na ce alhamdulillahi, ga maganin ciwona ya zo har gida.

Kafin in tashi na je Bakura yin sallama. Na iske Baba a ƙofar ɗakinsa yana shafa wa fatar ganga mai. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwa, ya tambayi kasuwa, har ya tambayi babur ɗina. Ban kai ga buɗe bakina ba ya riga ni, fuskarsa cike da murna. Ya ce Sarkin Noma ya kira gayya ran Asabar ta sama, a wata babbar gona da ke jikin gari inda babu fargaba, mutum wajen arba'in za su fito huɗa. Rabon da a yi irin ta shekaru ne masu yawa. Ya ce in zo da kazagi in tsaya gefensa yini guda, ba ya buƙatar ya ce mini komai.

Na sunkuyar da kai na gaya masa tafiyata. Na yi ta bayani, na ce mako uku ne kacal, na ce can za a zana mini abin a gabana in gan shi da idona, in na dawo sai mu zauna mu gama. Har na ce masa gayya ai ba ta ƙarewa, baɗi ma za a yi. Wallahi na faɗi haka.

Ya ci gaba da shafa mansa, can ya ce, "Mi za su gwada maka can wanda babu shi nan?"

Na ce zamani ne, Baba. Bai ja maganar ba. Ya ce in tafi, Allah shi kai ni lafiya, ya kawo goro biyu ya ba ni na hanya.

Daga Mafara zuwa Sakkwato babu labari, ban da wata mata da ta ɗora mini kajinta a cinya har Tureta. Daga nan na kama motar Illela. A bakin iyaka ne na sha zufa. Wani jami'i dogo mai gashin baki ya ɗaga kalanguna ya girgiza, ya ji abu yana ƙara a ciki. 'Yan tsakuwoyi ne da ake sawa tun wajen ɗauri, amma ya ce sai an farke fata ya gani. Na roƙe shi, na rantse, na ce in aka farke fatar nan tafiyata ta ƙare a nan. Ya ce to in da gaske makaɗi ne ni, in kaɗa ya ji. Na rataya na saki kiɗan mahauta, don shi ya fara zuwa hannuna. Ashe mutumin ɗan gidan fawa ne. Ya yi ƙoƙari ya riƙe fuskarsa, kafaɗarsa ta tona masa asiri. Abokan aikinsa suka yi ta masa dariya, ya miƙo mini takarduna ya ce in ɓace masa da gani kafin in ɓata masa aiki.

A Ƙonni na yi wautar farko. Na yanki tikitin babbar motar Yamai, aka ce ƙarfe biyu za ta tashi. Na leƙa na ga kujeru rabi babu kowa, na ce wannan ai sai la'asar, na tafi shan fura. Ku kun san motar Mafara, ko mutum ɗaya ya rage sai an jira shi, direba ma har gida yake aikawa a kira fasinja. Ta can ba ruwanta da cika, agogo take bi. Na dawo ina lashe baki na tarar da fili. Na yi faɗa, na ce wane irin rashin mutunci ne wannan, mai tikiti ya nuna mini agogon bango da biro. Allah ya taimake ni kayana suna hannuna. A tashar na kwana.

Asarar nan ce ta haɗa ni da Illiya, wani makaɗin gurmi daga Maraɗi, gajere mai surutu, shi ma cibiyar za shi. Da ya ji abin da ya same ni ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ɗan Najeriya ko jirgin sama ne sai ya ce a jira shi ya sha fura. Washegari muka tashi tare, muka bi ta Dogon Dutsi da Doso. Ya ce kafin Yamai akwai inda ake ganin raƙuman dawa a bakin hanya, in zuba ido. Barci ya kwashe ni. Da na farka ya ce sun ga bakwai, har ɗaya ya leƙo taga ya tambayi ina Bazamfaren nan. Har yau ban sani ba ko an ga ko ɗaya.

Masaukinmu wani dogon ɗaki ne mai gadaje hawa biyu. Illiya ya riga ni kama na ƙasa, ni ƙato da ni na riƙa hawa sama kamar kaza. Abinci kuwa, gaskiya ne maganar burodi. Dogo ne kamar sanda, ɓawonsa har dasashi yake yanka, kuma da shi ake karyawa kullum. Amma dambunsu na zogale ban ga na biyunsa ba, da kifin kogi da ake gasawa a bakin gada. Sai dai kwana biyar na fara mafarkin tuwon dawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai gaisuwar 'yan birni. Ina cikin tambayar mutum ya gida, ya iyali, ya gajiya, sai in ga ƙeyarsa. Kuma da rana ta take kowa ya rufe ƙofa ya kwanta, har masu shago, sai ka ce an yi doka.

Malaminmu wani Bazabarme ne mai suna Malam Hamani, siriri mai tabarau, yana jin Hausa amma kowa mace ce a bakinsa, ni ma ke yake ce mini. Ranar farko bai taɓa ganga ba. Ya ɗauki alli ya zana da'ira a allo kamar fuskar agogo, ya ɗiga mata ɗigo goma sha biyu. Ya sa fari a ƙarfe goma sha biyu, da uku, da shida, da tara. Ya ɗauki jan alli ya sa a goma sha biyu, da huɗu, da takwas. Ya ce ga huɗu, ga uku, a sama kaɗai suke haɗuwa. Sai ya ɗauki tsinke yana zagaya da'irar a hankali, rabin aji su tafa in ya zo kan fari, rabi in ya zo kan ja.

Na kasa kunne. Ɗingishi ne yake fitowa daga tafin mutanen da ko sunan Zamfara wasunsu ba su taɓa ji ba. Abin da na yi shekara ashirin ina kokawa da shi, ga shi a allo kamar lissafin 'yan aji biyu. Na ji daɗi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushin Baba. Na ce a raina, da ya zana mini haka a ƙasa da kara tun tuni, da an wuce wurin.

Malam Hamani ya ce kowa ya yi nasa agogon da zai riƙa gani a ɗaki. Wasu suka sauke wata manhaja a waya mai ƙwallo biyu suna tsalle, ɗaya sau uku ɗaya sau huɗu. Ni ƙwallayen nan jiri suke sa ni. Na je kasuwa na sayi faifai, na bi masu shago na tsinci marafan kwalba, farare huɗu jajaye uku, na jera su a bakin faifan, na saman na ɗora ja a kan fari. Kullum bayan sallar asuba in ajiye shi a gabana, hannun dama yana bin farare a cinya, hagu yana bin jajaye, idona yana zagayawa. Da farko a hankali kamar mai koyon tafiya. In na yi kuskure in koma sama in sake. Da yamma kuma malam ya fito da mu tsakar gida, ƙafa tana taka huɗu hannu yana tafa uku, muna zagaye kamar masu neman abin da ya faɗi. A nan na yi karo da butar wani na kife a gaban kowa, Illiya ya samu abin faɗa na kwana uku.

Ran Asabar ɗin gayya muna cikin wannan zagayen. Na tuna da ita da safe, na kawar da tunanin. Da yamma na kira Yaya Hajo, babbar 'yar Baba da ke aure a Maradun, wadda ta zo Bakura don taya girkin gayya. Ta ce an yi lafiya, mutane sun fito fiye da yadda aka zata. Na ce wa ya riƙa wa Baba kazagi? Ta ce babu. Shi kaɗai ya haɗa duka biyun a kan ganga, maƙaɗi a dama yana huɗu, yatsun hagu suna uku, tun hantsi har la'asar, ruwa kawai yake kurɓa. Na ce kai, Baba ƙarfe ne. Sai ta ce mijinta ya ɗauki ɗan bidiyo, za ta turo mini.

A kwana na goma abin ya zauna mini. Ina zaune a kan gadon nan na sama, na ji hannayena sun rabu, kowane yana aikinsa ba ya sauraron ɗan'uwansa. Na ɗauke ido daga faifai, bai ɓace ba. Na ƙara sauri, bai ɓace ba. Na diro ƙasa na tashi Illiya na ce ya saurara, ya ce ya ji, Allah ya sa albarka, in bar shi ya yi barcinsa na rana.

Da wannan zafin na kai wa Malam Hamani bidiyon Baba, don ya ga inda na fito. Bidiyon gajere ne, yana rawa, Baba kaɗai ake gani daga ƙirji zuwa sama, sai ihun mutane da ƙarar garemani daga gefe. Malam ya kalla sau uku yana buga fensir a tebur. Ya ce lalle uku ne a kan huɗu, amma bugu na uku ba ya faɗawa a kan ɗigonsa, yana makara, kuma makarar ba iri ɗaya ba ce kowane zagaye. Ya matso da wayar kusa da tabaraunsa ya ce tsohon nan ba gangarsa yake kallo ba, idonsa yana can gefe guda, me yake kallo?

Na ce, "Tsufa ne, Malam. Hannun ya fara gajiya."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce anya. Na yi 'yar dariya na karɓi wayata. A cikin duk abin da na yi a tafiyar nan, wannan dariyar ce take hana ni sukuni.

Aka gama horo, aka ba mu takarda mai hatimi, muka yi hoto. Na rabu da Illiya a Ƙonni, ya ce in na kuskura na sake shan fura a tashar nan babu ruwansa. A iyaka ban ga mai gashin baki ba. Ban ko biya Mafara ba, na sauka a mararrabar Bakura na hau babur, faifaina a cikin jaka, marafan a ƙulle a leda. A hanya ina ta shirya yadda zan shimfiɗa shi a gabansa in kaɗa ba tare da na ce komai ba.

Na tarar da ɗakinsa da kwaɗo. Maƙwabcinsa ya fito, muka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo fiye da kima, a nan na san ba lafiya ba. Ya ce kwana biyar bayan gayya Baba ya yanke jiki ya faɗi wajen alwala. An kai shi asibiti, ya farfaɗo, amma ɓarin dama ya shanye. Hajo ta tafi da shi Maradun. Na kira ta nan take na ce don me ba a gaya mini ba. Ta ce shi ya hana, ya ce a bar yaro ya gama karatunsa.

Yamma ta yi, kuma hanyar Maradun ba a shigarta da yamma yanzu. Na kwana Mafara, da hantsi na shiga mota. Muka jira har motoci uku suka haɗu sannan aka tashi a jere. Muka wuce ta gefen Bakolori, shinkafa ta yi kore shar, amma babu mai hira, direba ma ya kashe rediyo, kowa idonsa a bakin daji. Can gaba gonaki ne da ciyawa ta cinye, ana ganin tsofaffin kunyoyi a ƙarƙashinta.

Yaya Hajo ta karɓe ni, ta kawo ruwa, ta tambayi hanya. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, likita ya ce hawan jini ne, ba lalle wahalar ranar ce ta jawo ba. Yadda ta faɗe shi na san ita ba ta yarda ba, ni ma ban yarda ba.

Baba yana kishingiɗe a rumfa, an tokare shi da matasai. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, hannun daman yana kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Amma idon nan yana nan. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a hankali, maganar tana fita da nauyi. Ya tambayi mutanen Yamai kamar ya san su. Sannan ya ce in gwada masa abin da na samo.

Na so in ce a bari sai ya ji sauƙi, ya nuna jakar da haɓa. Na fito da faifai na jera marafan, na yi masa bayani, farare ganga, jajaye kazagi. Hajo ta ɗauko gangar daga ɗaki. Na rataya na kaɗa, dama huɗu, hagu uku, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Matan gida suka leƙo. Na tsaya ina haki, ina jiran abin da na yi shekara ashirin ina jira.

Ya ce madalla, hannuna ya rabu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce malamin da ya koya mini wannan ya san aikinsa. Sai ya ce in matso masa da faifan. Ya daɗe yana dubansa. Ya miƙa hannun hagu, ya ɗora yatsa a kan jan marfi na uku, ya gusa shi gaba kaɗan, kamar faɗin yatsa ɗaya.

Na ce a nan yake faɗawa, Baba?

Ya ce, "Da hantsi. Ranar nan wani dattijo na can ƙarshen layi, ƙafa na yi mai ciwo. Galma tai ita ka sauka ƙarshe. Shi nika jira." Ya ƙara gusa marfin. "Da rana ta yi tsaka, nan." Ya ƙara. "Da la'asar, nan."

Sai ya bayyana mini, yana yi yana hutawa. Huɗun ganga na masu ƙarfi ne da ke gaba, ita ke jan layi. Bugu na uku na kazagi na wanda ya fi kowa gajiya ne. Mai kazagi zai nemo shi da ido a cikin mutum arba'in, ya riƙe bugun har garmarsa ta taɓa ƙasa, sannan ya sake shi. Mutumin sai ya ji kiɗan da shi ake yi, ba a bar shi a baya ba, kunya ba za ta sa ya jefar da garma ya koma inuwa ba. Na gaba su ma kunnensu yana jin jinkirin, sai su rage ba tare da an ce musu komai ba. Haka layi ke kai ƙarshen gona a tare. In na baya ya samu ƙarfi, wani ya gaji, sai ka koma kan wancan. Shi ya sa ba a koyar da shi a tsakar gida.

Na tuna idonsa a bidiyon nan, da tambayar Malam Hamani, da amsar da na ba shi. Na kasa ɗaga kaina.

Duk da haka na ce mu gwada. Hagunsa ai tana aiki, kuma ita ce mai ukun. Na kama huɗu a ganga, shi ya rufe ido yana ƙwanƙwasa bakin faifai da yatsu. Na ga fuskarsa ta saki, na san mutanen nan arba'in yake gani a jere. Bugun na uku yana zuwa, wani zagaye kusa, wani nesa, kowane da dalilinsa, ni kuwa ba na ganin kowa. Na yi ta ƙoƙarin in ƙirga shi, ya ƙi ƙirguwa. Ba mu yi minti biyar ba yatsun suka tsaya, ya gaji.

Na ce, "To Baba, ina zan gan shi?"

Ya buɗe ido ya ce, "An yi, Lawali. Kana Yamai."

Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar mai gaya maka an yi ruwa jiya. Na ce baɗi in Allah ya kai mu zan ɗauke shi a mota in kai shi bakin gona, ya zauna ya nuna mini da yatsa. Ya ce Allah shi kai mu. Hajo ta juya ta shiga ɗaki. Daga baya ta gaya mini Sarkin Noma ya ce ba zai sake kiran gayya ba, an aiko masa da gargaɗi daga daji kan tara mutane, baɗi tarakta zai ɗauko.

Da zan tafi na sauke gangar zan mayar ɗaki, Baba ya ce in tafi da ita. Na ce ban cancanta ba tukuna. Ya ce ba maganar cancanta ba ce, fata tana son hannu, in ta zauna a rataye tsagewa za ta yi. A da ina tsammanin ranar da zai ba ni gangar nan zan yi yanka in tara mutane. A bayan mota na sa ta, na lulluɓe da buhu don kada a tambaye ni.

Yanzu duk Juma'ar da hanya ta yi kyau ina Maradun. Maganarsa tana ƙara nauyi, yawanci zama kawai muke yi. Wasu ranaku da safe nakan hau babur in je fadamar Bakolori in tsaya a bakin gonar albasa, inda mutum uku ko huɗu ke aiki, ina neman wanda fartanyarsa ke sauka a ƙarshe, ina bugawa a cinyata. Sun ɗauka taɓuwa ce ta fara kama ni, wani har ya ba ni shawarar mai magani. Mutum huɗu ba layi ba ne, kowa harkarsa yake, babu mai jiran wani.

Ga masu tambaya ko tafiya ta yi riba, to na iya uku a kan huɗu, duk mai so ya zo in zana masa, kwana goma ya ishe shi. Faifan yana rataye a ɗakina. Na ɗinke marafai shida da zare a wurarensu. Na bakwai, jan nan na uku, na sa allura zan ɗinke shi a inda Baba ya bar shi, sai na tuna wurin na dattijo ɗaya ne, a la'asar ɗaya, a gonar da ban je ba. Yana cikin aljihuna.